Ɗaurin talala: kundin aikin murfin da ba ya rabuwa da gora

11 ga Satumba, 2023

Yau aka miƙo mana aikin a rubuce. Kamfanin da ke ɗura lemo a gorar roba yana son sabon murfi, wanda in an buɗe shi zai ci gaba da zama a jikin gorar, kuma yana so a gama kafin tsakiyar shekara mai zuwa. Dalilin gaggawar a fili yake. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2019, mai lamba 2019/904, a kan kayan robar da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Sashe na 6 na dokar ya ce daga 3 ga Yulin 2024, duk gorar abin sha ta roba da ba ta wuce lita 3 ba, ba za ta shiga kasuwarsu ba sai murfinta na haɗe da ita. Kwalbar gilashi da gwangwani ba sa ciki. Hujjar masu dokar ita ce murafa suna cikin abubuwan da aka fi tsinta a gaɓar tekunsu.

Mu uku ne a kan aikin. Ni ke zane, abokiyar aikina ce ke ɗakin gwaji, sai dattijon da zai sassaƙa mana mazubin ƙarfe, wanda kowa ke kira Baba. Da na karanta masa takardar, ya yi shiru, can ya ce, “Wato ɗaurin talala ake so a yi wa murfi. Ya yi kiwo, amma kada ya bar turke.” Sunan ya bi aikin tun daga nan, har a kan fayil ɗin kwamfuta shi na rubuta.

14 ga Satumba

Na wuni da reza ina tsaga tsofaffin murafa. Abin kunya ne mutum ya shekara da shekaru yana zana kayan roba bai taɓa zama ya kalli murfin gora da kyau ba.

Murfin da muka saba da shi kashi biyu ne. Akwai hular da ke sama, mai haƙoran murɗi a ciki, abin da makanikai ke kira tiredi. Akwai zoben da ke ƙasa, wanda 'yan siraran jijiyoyi suka haɗa da hular. A wuyan gorar kuma akwai wani ɗan tudu da ya zagaye shi. In aka murɗa murfin karon farko, hula ta yi sama, zobe ya maƙale a ƙarƙashin tudun, jijiyoyin su tsinke da wannan ƙarar da kowa ya sani. Shaidar ke nan cewa ba wanda ya riga ka buɗewa.

Da farko na ɗauka aikin bai wuce a bar jijiya ɗaya mai kauri da ba za ta tsinke ba. Da na auna sai na ga wautar tunanin. Wuyan da kamfanin ke amfani da shi shi ne PCO 1881, mai faɗin milimita 28, wanda ya maye gurbin PCO 1810 domin ya fi shi gajarta, milimita 17 a maimakon 21. Kowane zagaye na murɗi yana ɗaga hular milimita 2.7, kuma sai an yi kusan zagaye biyu kafin ta fita. Ke nan hula za ta tashi kusan milimita 5 alhali zobe yana nan ƙasa a tsare. Gajeriyar jijiya ko dai ta tsinke, ko ta hana murfin buɗuwa. Dole igiyar ta sami tsawon da za ta bi hular sama, dole kuma zoben ya riƙa juyawa tare da ita ba tare da ya kuɓuce daga wuyan ba. Duk wannan a cikin abin da nauyinsa bai wuce giram 2 da 'yan kai ba.

26 ga Satumba

Samfuran wasu kamfanoni sun iso, kwali guda. Ba mu ne farau ba, Coca-Cola ta fara fitar da irin wannan murfi a Birtaniya tun watan Mayun 2022, a kan gorar lita ɗaya da rabi. Na baje su a kan tebur na kasa su gida uku.

Na farko mai igiya ɗaya ne, doguwa, an yanko ta daga jikin zoben. Yana da sauƙin yi, amma in an buɗe sai murfin ya yi ta reto kamar ƙararrawar wuyan akuya. Na biyu mai igiya biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da ɗan harshe a tsakaninsu wanda ke tokare wuyan gorar ya riƙe murfin a buɗe. Na uku ba a murɗa shi sam, ɓalle shi ake yi da babban yatsa ya kifa baya a kan gaɓa. Wannan na ukun ya fi kowanne daɗin sha'ani, sai dai ya fi dacewa da ruwan da ba gas, kuma yana buƙatar wuyan gora na daban. Kamfanin ya riga ya ce ba zai canza wuya ba, domin canza wuya na nufin canza mazuban gora da sassan injin ɗuri gaba ɗaya. Akwai sabon wuya mai milimita 26 da ake kira GME 30.40, wanda ya fi sauƙin nauyi, kuma wasu sun koma kansa a daidai wannan gaɓa don su jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Mu ba a ba mu wannan damar ba.

Mun tsaya a kan mai igiya biyu.

5 ga Oktoba

Abokiyar aikina ta kawo ma'aunin da za a gwada mu da shi, EN 17665, wanda ya fito a 2022. Jigonsa abu biyu ne. Murfin ya jure ja na aƙalla niyuton 25 bai rabu da gorar ba, wato kamar ka rataya masa nauyin kilo biyu da rabi. Sannan ya jure buɗewa da rufewa sau 15.

Na ce mata wannan ai ba wuya. Ta ce, “Kai dai bari mu ga roba a hannu tukuna.”

Na rubuta a gefen takarda cewa ma'aunin bai ce komai ba a kan inda murfin zai tsaya yayin da mutum ke sha. Ban san me ya sa na rubuta ba, kawai ya faɗo mini a rai.

19 ga Oktoba

Mun fitar da samfur shida da na'urar da ke buga siffa hawa-hawa. Duka shidan sun karye a igiya kafin lanƙwasa ta uku. Ba laifin zanen ba ne, robar na'urar ce ke rabewa a tsakanin hawa da hawa. Abin da suka amfane mu da shi ɗaya ne: mun ga harshen ya yi gajarta, ba ya kai wa ga tudun wuya. Na ƙara masa rabin milimita. Sauran tambayoyin sai mazubi na gaske zai amsa su.

2 ga Nuwamba

Doguwar muhawara a shagon Baba, har shayinsa ya huce.

Batu na farko, wace roba. Ni na so robar polypropylene, wadda ake kira PP, domin duk wanda ya taɓa zana gaɓar da ake lanƙwasawa ya san ba ta da na biyu a wannan fanni, ana iya lanƙwasa siririyar gaɓarta sau dubbai ba ta tsinke ba. Abokiyar aikina ta tsaya a kan nau'in robar polyethylene da ake kira HDPE, kuma hujjojinta sun fi nawa. Lemo a firji yake kwana, PP zalla kuwa tana yin gautsi in sanyi ya kusa sifiri, alhali HDPE ko a jikinta. Na biyu, murfin da kamfanin ke amfani da shi yanzu HDPE ne mai guda ɗaya, ba shi da wani faifai na daban a ciki, leɓen da aka zuba tare da shi ne ke toshe bakin gorar, kuma laushin HDPE ne ke sa leɓen ya kwanta ya hana gas fita. Na uku, sau 15 ake nema, ba sau dubu ba. Na sallama.

Batu na biyu ya fi zafi. Igiyoyin nan, a cikin mazubi za a fitar da su, ko a zuba murfin lafiyayye sannan wuƙa ta tsaga su daga baya? Tsagawa da wuƙa ta fi arha wajen gyara: in zanen bai yi ba, wuƙa kawai za ka canza. Fitarwa a mazubi tana buƙatar ƙarafa masu zamewa gefe kafin murfin ya fito, kuma kowane gyara sassaƙa ne sabo. Amma wuƙa layi kawai take yankawa, ba ta iya ba harshen kauri ko tudu, kuma tana dakushewa a hankali ba tare da ta yi sallama ba.

Baba ya ce, “Yaro, ka san abin da kake so harshen nan ya yi?” Na ce ban gama sani ba. Ya ce, “To kada ka sa ni in sassaƙa ƙarfe a kan abin da ba ka sani ba. A fitar da harshe a mazubi, a bar wa wuƙa igiyoyi. In ka canza ra'ayi, asarar ta zo da sauƙi.” Haka aka yi. Zai yi mana mazubin gwaji mai rami ɗaya.

21 ga Nuwamba

Jiran mazubi. Da ba abin yi, sai na koma karanta tarihin gwangwanin lemo, domin an taɓa yin irin wannan rigimar a can. Kunnen buɗe gwangwani da Ermal Fraze ya ƙirƙiro a Amurka cirewa ake yi gaba ɗaya, mutane suka yi ta yar da shi a ƙasa yana yankan ƙafa, wasu kuma su jefa shi cikin gwangwanin su haɗiye shi da lemo. A 1975 Daniel Cudzik na kamfanin Reynolds Metals ya fito da kunnen da ke zama a jikin gwangwanin, wanda shi ne muke amfani da shi har yau. Abin da ya ja hankalina shi ne, kunnen nan in ka buɗe ka mayar da shi ya kwanta, ka manta da shi. Bakinka ba ya sanin yana wurin.

8 ga Disamba

Murafan farko sun fito daga mazubi da ɗuminsu. Hannuna har rawa yake. Abokiyar aikina ta ƙwace su ta zuba a leda ta rubuta kwanan wata, ta ce ba mai taɓawa sai bayan awa 48, domin HDPE tana ci gaba da tsukewa bayan ta fito, duk awon da aka yi yau ƙarya ne. Na saci guda ɗaya na sa a aljihu.

A kan wanda na sata na ga wani siririn layi a gindin harshen. Narkakkiyar roba daga tsakiyar hula take shiga, ta gangaro ta rabu biyu a kewayen ƙarfen da ke fitar da harshe, ta sake haɗuwa a ƙasa bayan ta fara hucewa. Inda suka haɗun nan wuri ne mai rauni, kuma ya faɗo daidai inda za a fi lanƙwasawa. Baba ya duba da gilashinsa ya ce zai buɗa hanyar kaɗan, ya kuma yi wa iska mafita a wurin.

13 ga Disamba

An ja, an buɗe, an rufe. Murafa 30, duka sun wuce niyuton 25 da rata mai kyau, duka sun kai 15. Igiyoyin suna yin fari a inda suke lanƙwasa, alamar roba ta miƙe, amma ba wadda ta tsage. Mun gwada na cikin firji, mun gwada waɗanda suka kwana a ɗaki mai zafi. Mun kuma duba abin da ya fi ba ni tsoro, wato fitar gas: a gorar lemo dole gas ya sulale ta tsagogin da ke jikin tiredi tun kafin hula ta saki, in ba haka ba murfin ya tashi kamar harsashi. Igiyoyin ba su toshe komai ba.

Na aika wa kamfanin saƙo cewa mun ci jarrabawa. Yanzu da nake sake karanta saƙon, na ga na cika baki.

10 ga Janairu, 2024

Wannan ce ranar da aikin ya juye.

Mun tara mutum 20 daga wasu sassan ginin, waɗanda ba su san komai a kan aikin ba. Aka ba kowa gora, aka ce ya sha yadda ya saba, mu kuma muna gefe muna kallo. Ba mu yi musu bayanin komai ba.

Murfin namu yana buɗewa ya tsaya a wajen digiri 120. A kan takarda wannan adadi ne mai kyau. A fuskar ɗan Adam kuwa, daidai kan hanci yake sauka. Wanda ya juya shi gefe, ya soke shi a kumatu. Wata baiwar Allah ta ɗaga gorar, murfin ya kuɓuce daga inda harshen ya tokare, ya faɗo mata a leɓe, ragowar lemon da ke cikin hular ya ɗiga a rigarta. Wani mai gemu ya sha da murfin a ƙasa, ƙarƙashin haɓa, ya ce igiyar ta ja masa gashi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutum 7 daga cikinsu sun tsinke murfin. Ba da fushi ba, ba ma tare da sun lura ba. Sun murɗa, sun ga bai fita ba, suka ɗauka murfin ne ya zo da matsala, suka ƙara murɗawa suka fizge. Niyuton 25 ba komai ba ne a hannun babban mutum, musamman in ya haɗa da murɗi, domin igiyar da ke jure ja a miƙe ba ta jure a nannaɗe ta. Ɗaya daga cikinsu ma ya fizge da ƙarfin da ya sa guntuwar igiya ta rabu da hula ta rabu da zobe, ta faɗi ƙasa ita kaɗai. Na tsuguna na ɗauka. Tsawonta bai kai ƙumba ba. Mun tashi hana murfi zama shara, ga shi mun haifar da sharar da ta fi shi ƙanƙanta, wadda ba mai iya tsincewa.

Da aka watse abokiyar aikina ta ce, “To, mu ƙara wa igiyar kauri.” Na ce a'a, kuma a nan ina da yaƙini. In muka ƙara kauri, mai fizga zai ƙara ƙarfi, gorar da ke buɗe ta tuntsure masa a jiki, ya tsani abin gaba ɗaya. Mutum yana fizge murfin ne domin ya tare masa hanya. Dabbar da ke talala, in igiyarta ta kai ta ga ciyawa ba ta damuwa da turke. Abin da za mu gyara shi ne mazaunin murfin bayan an buɗe shi: ya koma can baya, ya zauna daram, ya kuma sanar da mai shi cewa ya zauna.

Na koma na duba abin da na rubuta a gefen takarda ranar 5 ga Oktoba. Da na bi shi tun lokacin, da mun rage wata uku.

24 ga Janairu

Mako biyu a kan harshe kaɗai.

Burin shi ne digiri 180 ko kusa da haka, murfin ya kifa gaba ɗaya, cikinsa na kallon sama, samansa na kallon kafaɗar gorar. Don ya kai nan, harshen zai haye tudun wuyan ya faɗa bayansa, igiyoyin biyu kuma su miƙe kaɗan a daidai lokacin hayewar sannan su ja shi su danne. Kamar maɓallin fitila ne, ko yana nan ko yana can, ba ya tsayawa a tsakiya. Tsawon igiya shi ne komai. In ta yi tsawo, ba ta da ƙarfin dannewa, murfin ya yi lakwas. In ta yi gajarta, hayewar ta yi tauri, ko zoben ya ɗago daga mazauninsa. Tsakanin waɗannan biyun bai kai milimita ɗaya ba.

A nan shawarar Baba ta biya kuɗinta. Wuƙa huɗu muka sa aka yi, kowacce da tsawon tsagarta, muka gwada su a kan murfi iri ɗaya. Ta uku ce ta yi. Shi kuma ya cike bakin harshen da walda ya sake sassaƙa shi da ɗan ƙugiya a kai.

Akwai abin da ban zana ba amma ya zo da kansa: in harshen ya haye, yana yin 'yar ƙara, ƙas. Duk wanda na miƙa wa, da ya ji ƙarar sai ya saki murfin ya kai gorar baki. Kunne ne ke gaya wa hannu an gama. Na gaya wa Baba ko me zai taɓa nan gaba, kada ya kashe wannan ƙara.

7 ga Fabrairu

An gyara gaba, baya ta ɓalle. Rufewa ce matsalar yanzu. Murfin da ba shi da igiya daga sama yake sauka a miƙe, yatsu su daidaita shi ba tare da tunani ba. Mai talala kuwa daga gefe yake zuwa a karkace, sai tiredin hula ya hau na gora a gicciye. Mutum ya ji ya yi tauri ya ɗauka ya rufu, ya kwantar da gorar a jaka. Mun kwantar da goruna 20 da mutane suka rufe da hannunsu a kan takarda, da safe 3 sun jiƙa ta.

Gyara biyu. Na sa a fiƙe farkon tiredin hula ya zama mai gangara, don ya zame ya sami hanyarsa ko da ya zo a karkace. Na kuma ƙara wa leɓen ciki ɗan tsawo yadda zai riga tiredi shiga bakin gorar ya daidaita hular. Na biyun zai ƙara nauyi kaɗan, kuma na san kamfanin zai yi magana, domin a wurin mai yin murfi miliyoyi, kashi ɗaya cikin goma na giram tan-tan ne na roba a shekara.

20 ga Fabrairu

Sun yi magana. Sun kuma amince.

Sai ga wata sabuwa. Duk gwajinmu da farar roba muka yi. Da aka zuba shuɗi, launin da kamfanin ke so, sai zoben ya matse wuya har ba ya juyawa da sauƙi, igiyoyi suna nannaɗewa wajen buɗewa. Na yi ta neman kuskure a zane, ashe launin ne. Wasu sinadaran shuɗi da kore suna canza yadda HDPE ke daskarewa, sai tsukewarta ta bambanta da ta fara. Baba ko mamaki bai yi ba. “Shuɗi ai dama haka yake,” in ji shi, kamar yana maganar wani maƙwabcinsa mai wuyar hali. Za a nemi wani shuɗin daga mai kawo launi, in bai samu ba a buɗa zoben kaɗan. Daga yau kowane launi sai an gwada shi daban.

6 ga Maris

Gwaji a kan layin ɗuri na gaske, da dare, bayan an tashi daga aiki. Injin da ke rufe dubban goruna a awa ba ya lallashi. Murafa suna zubowa daga babban mazurari, a jera su, su gangaro ta kwararo, hannun injin ya cafke kowanne ya murɗa shi a kan gora cikin ƙiftawar ido.

Minti goma na farko lafiya. Daga nan kwararon ya cushe. Ƙugiyar da muka yi wa harshe ta ɗan fito waje fiye da da'irar murfin, tana kama gefen na kusa da ita. Mai kula da injin ya zaro su da sanda, ya kalle ni ya ce, “Injiniya, wannan naka da ƙaho ya zo.” Ya cushe sau huɗu kafin mu tsaya.

Cikin waɗanda suka rufu kuma, mun sami kaɗan da jijiyoyinsu suka tsinke tun wajen rufewa. Zoben sai ya buɗa ya haye tudun wuya kafin ya zauna, kuma zoben da aka yi wa tsaga biyu ba shi da ƙarfin wanda aka yi wa ɗaya. Murfin da jijiyarsa ta tsinke a masana'anta kamar wanda aka riga aka buɗe ne a idon mai saye, ba zai karɓa ba. Zan matsar da jijiya biyu kusa da inda igiyoyin suka fara, in kuma mayar da ƙugiyar ciki.

Na dawo gida da asuba, kunnena na ta amsa ƙarar injin.

19 ga Maris

Ƙaramin gwaji don kwanciyar hankalina. Wani a taron jiya ya tambaya ko haɗa roba iri biyu ba zai ɓata sake sarrafa gorar ba. Na niƙa gora ɗaya da murfinta na zuba a bokitin ruwa. Ɓarɓashin PET, wato robar jikin gorar, ya nutse, domin ya fi ruwa nauyi, na HDPE ɗin murfin ya taso sama ya yi shuɗi a kan ruwan. Haka masana'antun sake sarrafawa ke raba su dama. Murfin da ke yawo shi kaɗai ne ke ɓacewa, yana zurarewa ta ramukan rariyar da ke tace ƙananan tarkace tun kafin a kai ga niƙa. Na ɗauki hoton bokitin na aika masa.

2 ga Afrilu

Mun sake tara mutum 20, sababbi, ba bayani kamar wancan karon. Mutum 2 ne suka tsinke. Sauran sun tura murfin baya, ya yi ƙas, suka sha. Ba wanda ya taɓa hancinsa. Wata ma ta sha ta rufe ta ajiye, da aka tambaye ta yaya ta ga murfin sai ta ce, “Wane murfi?” Abokiyar aikina ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Biyun da suka tsinke na zauna da su. Ɗaya ya ce sabo ne kawai, hannunsa ya riga shi. Ɗayar dattijuwa ce mai ciwon gaɓoɓin yatsu. Ta ce, “Ɗana, murɗawar ba ta gagare ni ba. Turawar nan ta baya ce, babban yatsana ba ya iyawa, shi ya sa na kama shi da tafin hannu na ja.” Ƙarfin da ke sa harshen ya zauna daram shi ne ya fi ƙarfin yatsanta. In na sassauta igiya don ita, murfin zai koma faɗowa kan leɓe. Ina tunanin a bar igiyar yadda take, a rage gangaren da harshen ke hawa, hayewar ta yi laushi amma saukar ta ci gaba da zama mai kaifi. Ban tabbata ƙarar za ta tsira ba.

Akwai kuma zubawa a kofi daga babbar gora, wadda ba mu gwada ba sam. Zoben yana juyawa, don haka murfin na iya zagayowa ƙasa ya shiga hanyar lemon.

Babban mazubi mai ramuka da yawa yana buƙatar makonni kafin a gama shi, kuma Baba ya ce in bai karɓi zane na ƙarshe ba kafin 15 ga wata, kada in kira shi in Yuli ya zo. Gobe da safe zan kai masa harshe iri biyu ya fitar mana a mazubin gwaji. Na roƙi dattijuwar ta dawo mako mai zuwa ta gwada su, ta ce in dai za a ba ta kujera mai jingina, za ta zo.